Lu'ulu'un da Ya Ƙi Ƙyalli

Shekarata talatin da 'yan kai a Makka, ban taɓa shiga shagon zinare don in saya ba. Nakan shiga dai in sha sanyin na'ura idan rana ta matsa, in yi kamar ina duba 'yan kunne, in fice kafin a tambaye ni me nake so. Aikin Hajji ne ya kawo mu daga Kano, ni da maigidana. Jirgi ya koma, mu ba mu koma ba. Shi a nan ya rasu. Ni na yi wanki a gidaje, na yi wanke-wanke a wajen biki, na sayar da hatsin tattabara a hanyar Harami. Mun zauna a unguwar Nakkasa har rusau ya iso ɓangarenmu, muka sauko Misfala muka kama ɗaki biyu a bayan wani masauki.

Ɗana direban bas ne a kamfanin jigilar alhazai. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Yana da igama, wato takardar zama, wani bawan Allah ne ya tsaya masa. Ni ba ni da ita. A nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Hausarsa ta cin abinci ce: tuwo, miya, ƙari.

Da ya tashi neman aure sai ya nemo 'yar gidan manya. Hausawa ne, amma kakansu ne ya zo, tun zamanin da ake tahowa da ƙafa ta Sudan. Yanzu duk 'yan ƙasa ne. Yarinyar tana aiki a kantin magani. Uwarta, Hajiya, na san ta kafin ta san ni, don na wanke tukwane a bikin ƙanwarta. Ranar da muka je gaisuwa ta ƙura min ido ta ce, "Kamar na san fuskar nan."

Na ce, "Kin san ta, Hajiya. A gindin tukunya."

Da ɗana ya ji abin da na faɗa, wuni ya yi bai ci abinci ba. Uban yarinyar ne ya so shi, shi ya yi ta zirga-zirga har izinin aure ya fito daga hukuma. Hajiya ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Jira take ta ga abin da za mu kawo.

A gida mun san kayan sa rana, mun san lefe. A nan akwai wani abu wai shi shabka. Dangin ango su kai wa amarya zinare a akwati, sarƙa da 'yan kunne da awarwaro da zobe, a buɗe a gaban mata, a zagaya da shi hannu-hannu. Abin da aka gani a ranar, shi za a yi ta faɗa har a haifi jikoki. Ɗana ya riga ya sayi sauran kayan. Zobe ya rage. A kan zoben ne kuwa yarinyar ta faɗi irin wanda take so, uwarta kuma ta riga ta shaida wa 'yan'uwanta abin da za su gani.

Sai Hajji ya zo. Kamfani ya riƙe direbobi, daga Arfa zuwa Muzdalifa, daga Muzdalifa zuwa Mina, bayan nan kuma kwasar alhazai zuwa Madina. An sa shabka washegarin ranar da zai dawo. Da safen da zai tafi ya zo ya tsaya a kaina ina tankaɗe, ya miƙo min kuɗi a ambulan da wani ɗan zare mai ƙulli.

"Inna, wannan awon yatsanta ne. Ke za ki sayo zoben."

"Ni?"

"Ba ni da kowa sai ke. Almas take so."

"Mene ne almas?"

Ya zana wani abu a iska da yatsa. Sai ya ciro waya ya bincika, tun da wayar ce malamarsa ta Hausa. Ya karanto da ƙyar, "Lu'u... lu'u."

Na ce, "To ka ce lu'ulu'u mana! Ka tsaya kana yi min yaren aljanu. Kalmar ma ai ta Larabawa ce, a wajensu muka aro."

"Kin san shi?"

"Tun kafin a haife ka."

Na kuwa san shi. Dutsen nan ne mai tsone ido, na sha ganinsa a yatsun matan da na yi wa wanki. Sukan kulle shi a durowa idan na shigo, amma na gani. Ɗayar kalmar da ya faɗa, a nan gindin rariya na bar ta. Larabcina na aiki ne. Na san sabulu, na san haya, na san "ga 'yan sanda nan". Ban taɓa buƙatar sunan dutse ba.

Na jira aka gama kwanakin Mina, binciken 'yan sanda ya lafa a hanya, sannan na sa abayata mai kyau na fita. Shagunan Misfala cike suke da alhazan gida, masu sayen tsaraba da masu neman inda ake sa haƙorin Makka. Mai shagon farko ya ɗauka sabuwar hajiya ce.

"Hajiya, ɗan kunne? Araha, araha!"

Na ce masa da Larabci zoben lu'ulu'u nake so, na amarya. Ya ce an gama. Ya jawo faranti ya ajiye a gabana. A kan kowane zobe an ɗora wani farin ƙwallo dusu-dusu, kamar idon dafaffen kifi. Na ɗaga ɗaya na juya shi a haske. Ko motsi bai yi ba.

"Ba wannan ba. Na gaske nake so."

"Wallahi na gaske ne."

Na fita. Shago na biyu ma idon kifi. Na ce a raina, sun ga baƙar mace da tsohon takalmi, sun ɓoye mai kyau. Ban yi mamaki ba, na saba.

Shago na uku na wani tsoho ne ɗan Hadramaut, mai gemu da lalle, wanda ya tsinci Hausa a bakin alhazai. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa. Sannan shi ma ya kawo idon kifi.

Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Ga Harami can, da ƙafa ake zuwa."

Ya miƙe ya fuskanci alƙibla ya rantse, lu'ulu'u ne na asali. Ya ce in goga a haƙori in ji. Na jabu santsi ne da shi, na gaske yana da ɗan yashi-yashi. Na goga. Da yashi.

Na nuna masa wasu zobba a can ƙarshen gilashi, masu ɗaukar ido. "Waɗancan fa?"

Ya yamutsa fuska. "Zirkon. Gilas, Hajiya, gilas. Ba na amarya ba."

Mutum uku, magana ɗaya, ga kuma rantsuwa. Na ce ashe ni ce jahilar. Ashe matan da na yi wa wanki gilashi suke kulle min a durowa. Wannan ma ya ɗan yi min daɗi. Na ce wataƙila haka kayan masu hali yake, ba ya ihu. Na zaɓi mafi girman ƙwallo, muka gwada da zaren, na yi ciniki kamar mai sayen buhun gero. Ambulan ɗin bai rame sosai ba, na ɗauka iya cinikina ne.

Ɗana ya kira daga hanyar Madina.

"Inna, kin samu?"

"Na samu."

"Turo min hoto."

"Wayata ba ta hoto, ka sani."

"Yana yin... yana wal-wal?"

"Na gaske ba ya wal-wal. Kai dai ka kula da hanya."

Ya ce, "To, Inna." Haka yake tun yana ƙarami. Idan na ce rana daga yamma take fitowa, zai ce to, Inna.

Amma wal-wal ɗin nan ya tsaya min a wuya. Saura kwana biyu. Abin da na ƙi shi ne a buɗe akwati a gaban Hajiya, ɗaki ya yi tsit. Ni an yi min dariya iri-iri a garin nan, ba ta kashe ni ba. Shi ne bai saba ba, kuma shi zai zauna da su. Sai na yi abin da uwar miji ba ta yi. Na sa zoben a jaka na nufi kantin maganin.

Tana ganina ta taso. Khala take ce min, haka 'yan nan ke kiran duk macen da ta yi sa'ar uwarsu. Hausarta ta fi ta ɗana rauni, kowa namiji ne a bakinta.

"Khala! Ahlan! Me ya same ka?"

"Gwiwa."

Ta kawo man shafawa. Na ture shi gefe, na tura mata ɗan akwatin.

Ta ja da baya. "La, Khala, ba a gani kafin rana!"

"Buɗe."

Ta buɗe. Niƙabi ne a fuskarta, ido kaɗai nake gani. Amma na daɗe ina karanta idon matan gida in gane ko za a sake kirana aiki.

Ta ce, "Masha Allah. Yana da kyau sosai."

"Ƙarya kike."

"Wallahi, Khala..."

"Kada ki rantse, an riga an rantse min a kansa. Shi ne ko ba shi ba ne?"

Ta sauke murya. "Khala, wannan lu'lu' ne."

"Na sani. Har a haƙori na goga."

"Ni almas na ce."

"To ai shi ne lu'ulu'u."

"La, la. Lu'lu' daban, almas daban. Lu'lu' daga teku, a cikin... a cikin kifi mai gida. Almas daga ƙasa."

Ta ciro waya ta nuna min hoto. Ga shi nan, dutsen matan wanki, yana tsone ido har ta cikin waya.

Na ce, "Wannan a Hausa shi ne lu'ulu'u."

Ta nuna na cikin akwati. "Wannan fa, a Hausa?"

Na yi tunani. Na sake yin tunani. Na ce, "Shi ma lu'ulu'u."

Ta dafa kanta ta fara dariya marar sauti, kafaɗunta na rawa, har hawaye ya jiƙa niƙabin. Abokiyar aikinta ta leƙo ta ga ko wani abu ya faru.

Na ce, "Yi dariyarki ki gama. Saura kwana biyu."

Ta share ido, ta rufe akwatin a hankali. "Khala, bar shi. Zan sa. Zan ce ni na canja ra'ayi."

A nan ne na yarda ɗana ya iya zaɓe, ko da bai iya Hausa ba.

Na ce, "Uwarki fa?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ƙarfe nawa kike tashi aiki?"

Bayan la'asar muka koma wajen tsohon, ni da ita. Yana hango ni ya washe baki. "Hajiya! Lu'lu' lafiya?"

Yarinyar ta yi masa bayani da Larabcinsu mai gudu. Ya riƙe gemu yana dariya har yana tari. Ya ɗaga yatsunsa goma. "Sau goma ta ce lu'lu'! A kan gaskiya na rantse!"

Na ce, "Ku kuka ba mu kalmar nan, kuka koma gida kuka canja mata ma'ana, ba wanda ya aiko ya gaya mana."

Da ta fassara masa sai ya ce a'a, mu ne muka karɓi kalma ɗaya muka ɗora mata kaya biyu, ba laifin Larabawa ba ne. Na ce to me ya sa bai nuna min ɗayan ba? Ya ce ban tambaya ba, kuma wannan ba a barin sa a gilashi, a akwatin ƙarfe yake kwana. Ya duba zoben da na mayar ta ko'ina, ya tambaya ko an sa. Na ce haƙorina kaɗai ya taɓa shi, kuma da izininsa. Ya karɓa.

Ya buɗe akwatin ƙarfen ya fito da faranti ƙarami. Abin da ke cikin ambulan ya kai mu can gefen da duwatsun suka fi ƙanƙanta. Na sunkuya na duba.

"Wannan ne? Tattabarar Harami za ta wuce shi ba ta tsaya ba. Hatsin da nake sayarwa ya fi shi girma."

Tsohon ya miƙo min wani ɗan tabarau mai ido ɗaya, ya ce in rufe ɗayan idon. Na rufe, na leƙa. Wuta ce a ciki, ja da kore da shuɗi, duk inda ka juya ta sake kamawa. Na daɗe ina kallo. Sai da ya yi gyaran murya ya ce in bar amarya ita ma ta gani.

Ya ɗauko wani abu kamar alƙalami. Ya dangwala shi a kan zirkon, shiru. Ya dangwala a kan wannan, ya yi ƙara.

Na ce, "Shi ma in goga a haƙori?"

Ya ce, "La, Hajiya! Haƙori zai tafi."

Yarinyar ta tsaya tsakanin guda biyu ta rasa na ɗauka. Ɗaya dutsensa a ɗage yake can sama, da 'yan ƙusoshi dogaye sun riƙe shi. Ɗayan dutsen ya zauna ƙasa-ƙasa, baki ya kewaye shi. Idonta na kan mai tsayin. Amma ta juyo ta ce, "Khala, kai wanne ka gani?"

A kan dutse ba ni da ta cewa. A kan hannu kuwa ina da ita.

Na ce, "Wancan mai ƙusoshin zai kama mayafi, ya kama safar hannun aikinki, ya cika da ƙullu, ya yagi fuskar jariri. Wata uku za ki cire shi ki jefa a durowa. Wannan na zama ne."

Ta sa na ƙasa-ƙasan, ta buɗe yatsu, ta dunƙule, ta goga shi a hannun abayarta. Bai kama ba. Ta ce shi take so.

Tsohon ya haɗo mana da takarda mai hatimi, an rubuta nauyin dutsen da launinsa da tsabtarsa. Na juya ta gaba da baya, duk da ba karantawa zan yi ba.

Na ce, "Ikon Allah. Dutse ma da igamarsa."

Ya ce in adana ta da kyau, idan ta ɓata sake samu da wuya. Na ce wannan na fi shi sani.

A bakin shago na ce da yarinyar, "Ba ki gan ni ba, ban gan ki ba."

"Ranar zan yi mamaki, Khala."

"Yi kaɗan."

Ɗana ya dawo ya yi baƙi ƙirin, ido ya faɗa. Kafin ya cire takalmi ya ce in nuna masa. Ya buɗe, ya kai bakin taga.

"Ya salam! Inna, kin ce ba ya wal-wal."

"Na goge shi."

"To, Inna."

Washegari muka tafi, ni da mata uku maƙwabtanmu na tun Nakkasa. Falon mata ya cika, turaren wuta ya turnuƙe. Aka ajiye akwatin a tsakiya, Hajiya ta buɗe da kanta. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro suka fara zagayawa. Zoben kuwa ba ta sake shi ba. Ta ɗaga shi a haske ta juya, ta sake juyawa. Ni ina kallon bakinta.

Ta ce, "Akwai takarda?"

Na zaro ta daga jaka, a naɗe cikin leda biyu. Ta sa tabarau ta karanta tun daga sama har hatimi.

Wata ƙanwarta ta leƙo ta kafaɗarta ta ce, "Ƙarami ne dai."

Hajiya ba ta ɗago ba ta ce, "Ƙarami ne, amma ba shi da tabo. Naki fa, ina takardarsa?"

Ƙanwar ta koma ta zauna.

Can kusurwa akwai kakar amarya, tsohuwa tukuf, wadda har yau Hausar Sakkwato ce a bakinta. Ta miƙo hannu. "Ku ba ni lu'ulu'un ga in gani."

Hajiya ta ce, "Almas ne, ya ummi. Ba lu'lu' ba ne."

"Ni dai da lu'ulu'u na san shi. Ku yaran yanzu komi sai kun sake mai suna."

Amarya ta sarƙe da tari. Ni na kafa wa darduma ido.

Aka ce uwar ango ta sa mata. Na kama hannunta da wannan hannun nawa mai kaushi, na zura zoben. Ya zauna daram. Sai yarinyar nan ta dafe ƙirji ta saki ihu, wai ba ta taɓa ganin irinsa ba, wai yaya aka yi Khala ya san abin da ke ranta. Har da lumshe ido. Na matse mata yatsa na ce ƙasa-ƙasa, "Na ce kaɗan."

Da guɗa ta lafa, Hajiya ta taso ta zauna kusa da ni. Ta karɓi butar gahawa daga hannun mai zubawa, ta zuba min da kanta.

"Wa ya taya ki zaɓe?"

"Allah."

"Tun shekaranjiya yarinyar nan take dariya ita kaɗai a ɗaki."

"Murnar aure ce."

Ta dube ni, na dube ta. Gefen bakinta ya ɗan motsa. Ta ƙara min gahawa, ta jawo farantin dabino gabana ta ce, "Uwar ango, bismillah."

Ɗana har yau bai sani ba. Ya gaya wa duk direbobin kamfaninsu cewa uwarsa tana da idon almas, kallo ɗaya take yi ta gane mai kyau. Mutum biyu sun aiko a roƙe ni in raka su shago. Na ce gwiwa ba za ta bar ni ba, su ɗauki mai yatsan su tafi da ita.